Baba Zarto da Dashen Auta

Baba Zarto ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a cikin itatuwa, amma bai taɓa sanin itace a tsaye ba. A kwance ake kawo masa su a bayan babbar mota, an sare rassa an bar gungume, shi kuwa ya ɗora a kan inji ya tsaga. Ka miƙa masa guntun katako idonsa a rufe, zai shinshina ya gaya maka sunan itacen da irin ƙofar da ta dace da shi. Amma ka nuna masa itacen nan da ransa a bakin hanya, da ganyensa da inuwarsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan kuma wane ne?"

A gidan yankan katako aka laƙaba masa sunan Zarto tun yana saurayi. Sunan ya biyo shi gida ya zauna daram, har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Garin katako ma haka ya biyo shi. Yana cikin gashinsa, yana cikin kunnensa, yana cikin aljihun kowace riga da ya mallaka, har wadda bai taɓa zuwa aiki da ita ba. Matarsa takan ce ko da zai ɓata a cikin gari ba za ta sha wahalar nemansa ba, tsintsiya kawai za ta ɗauka ta bi sawu.

Sai motocin gungume suka fara ja baya. Da kowace safiya layi suke yi a ƙofa, suka koma zuwa jefi-jefi, gungumen ma sirara kamar ƙafar tebur. Wata rana mai injin ya tara ma'aikata ya ce musu daji ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Baba Zarto ya ce, "Daji kuma yana ƙarewa?" Ba ba'a yake yi ba, har zuciyarsa bai taɓa kawo abin a ransa ba. Ya dawo ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gida, ya koma gyaran kujera mai ɗingishi da tagar da ta ƙi rufuwa, kuma ba laifi, ana ci ana sha.

'Ya'yansa duk sun girma sun watse, saura Auta. To, a kan Auta ne hankalin Baba Zarto yake barin jikinsa. Yarinya ta haura shekara ashirin, ta gama makaranta, amma in ta yi tari sau ɗaya shi ya riga ya isa kantin magani. In hadari ya haɗo tana waje, za ka gan shi a bakin titi da laima a hammata yana leƙen kowace mota. Matarsa ta gaji da cewa, "Baban Auta, yarinyar nan fa ba ƙwai ba ce." Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "Wa ya ce ƙwai ce? Laima kawai na kai."

Abin da Auta take so kuwa ba laima ba ne, aiki ne. Ta taka ofisoshi har dunduniyar takalminta ta cinye, ko'ina sai a ce ta dawo wani lokaci. Zaman gida ya ishe ta, ta share tsakar gidan da ta riga ta share don dai ta ga ta yi wani abu. Ana cikin haka wata gidauniya ta ba da tallafi a horar da matasa aikin kula da albarkatun ƙasa: yadda ake raya daji, yadda ake tsare bakin kogi, yadda ake hana ruwa kwashe ƙasar gona. Tallafin ya ɗauki nauyin malamai da kayan aiki da kuɗin mota, har da takalmin roba da malafa ga kowa. Babban abin dai shi ne alkawarin ƙarshe. Kowane ɗalibi zai reni nasa layin dashe, a kai fili a dasa, waɗanda dashensu ya rayu su ne za a ɗauka aiki.

Ranar da Auta ta shigo gida da takalmin roba har gwiwa tana tafiya ƙwab-ƙwab, Baba Zarto ya yi dariya har da buga cinya.

"To madalla!" in ji shi. "Ni na kwantar da itace, ke ki tayar."

Sa'a kuma ta biyo shi har ɗaki. Masu horon suna neman kafinta. Auta ta so ta ja bakinta ta yi shiru, amma ta yi kuskuren faɗa wa uwarta, uwar kuwa ba ta iya riƙe albishir. Haka Baba Zarto ya samu aikin kafa rumfunan da za a reni dashe a ƙarƙashinsu, da bencina, da shinge. Ga aiki, ga Auta a gaban idonsa wuni guda. Shi kam ya ce gidauniyar nan Allah ya yi mata albarka.

Filin renon yana bayan gari, kusa da wani famfo. Baƙaƙen ledoji ne cike da ƙasa, an jera su layi-layi, kowane ɗalibi da nasa. Mai koyarwar wata mace ce gajeruwa mai ƙatuwar malafa, kowa Malama yake ce mata. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Makaminta ɗaya ne, ɗan yatsa. In ta iso layinka sai ta durƙusa ta cusa shi cikin leda, ta ciro ta duba, sannan ta dube ka. In ƙasa ta manne a yatsan, to ka cika ruwa, ka shiga uku. A bayan idonta ɗalibai Hana-Ruwa suke kiranta.

Wata safiya Auta ta kira shi yana kan tsani. "Baba, sauko ka ga wani abu."

Ya sauko da ƙusoshi a baki. Ta nuna masa wani ɗan tsiro mai ganye biyu, bai kai tsawon ashana ba.

"Ka gane shi?"

Ya cire ƙusoshin ya ce, "Ciyawa ce. Tuge ta kafin Malamarku ta gani."

"Maɗaci ne, Baba."

Maɗaci! Itacen da sai ƙarti sun taru kafin su juya gungumensa, itacen da ya taɓa karya masa haƙoran zarto sabo fil. Baba Zarto ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kai yatsa zai taɓa, ya fasa, don ya ga yatsan ya fi tsiron kauri nesa ba kusa ba. Ya daɗe a nan. Kunya ce ta kama shi, da tausayi, da wani irin so da bai shirya masa ba. Daga ranar, in ya zo aiki sai ya fara biyawa ta layin Auta ya sunkuya ya ce, "Kun tashi lafiya?" sannan ya wuce wurin gudumarsa.

Dashe ya ji daɗin inuwa ya yi shar. Da damina ta kusato, Malama ta tara ɗalibai ta ce lokacin yaye ya yi. Sannan ta juyo wurinsa.

"Baba, daga yau za ka fara cire mana rufin rumfar nan, kaɗan-kaɗan, har a wayi gari babu ko ɗaya."

"Rumfar da na kafa da hannuna? Malama, ƙusoshin ko tsatsa ba su yi ba."

"Ita fa. Ruwa ma za mu rage, sai ƙasa ta bushe sosai za a ba su."

"A wannan ranar? Ai dafuwa za su yi."

"Baba, inda za a kai su babu rumfa, babu mai bin su da bokiti. In ba su saba da rana da ƙishi a nan ba, can za su fara haɗuwa da su, kuma ba za su kai labari ba. Ƙishi ne yake sa saiwa ta nutsa neman ruwa, rana ce take sa kara ya yi ƙwari."

Baba Zarto ya ce, "To." Amma irin "to" ɗin nan ce da ba ta wuce maƙogwaro.

Ya cire rufin dai, yana cirewa yana tsaki. Da rana ta take, ganyen da ke miƙe da safe duk suka sunkuyar da kai. Na kowa haka ya yi, amma shi layi ɗaya kawai idonsa yake gani. Auta ma abin ya dame ta. Ta dawo gida tana juya cokali a cikin abinci tana cewa, "Yau nawa sun langaɓe sosai. In suka mutu fa, shi ke nan, na dawo shara." Baba Zarto mutum ne da zai buge babban yatsansa da guduma ya ci gaba da hira, amma wannan maganar sai da ta hana shi ƙarasa lomarsa.

Ranakun hutu ɗalibai ba sa zuwa, shi kuwa mabuɗin filin yana hannunsa saboda shingen da bai gama ba. Allah ya sani, shinge ya je yi. Sai dai hanyar shingen ta bi ta layin Auta, ga rana a tsaka, ga famfo, ga bokiti a kife kamar wanda aka ajiye masa. Ya ce wa kansa kurɓi ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ya ba su bokiti guda, ya ga ƙasa ta shanye nan take, ya ƙaro wani. Da ya ga har yanzu rana tana dukansu, ya kakkafa sanduna ya shimfiɗa buhuna a kai. Kafin ya tafi ya kwashe komai, ya kife bokiti yadda ya same shi, ya fita yana jin kansa wani gwani. Hutu na gaba ya sake, na gaba ma haka. Shingen da ya kamata a ce an manta da shi, har yanzu da saura.

Aikin ya nuna kansa. Layin kowa gajere ne, ganye ya yi duhu ya yi kauri, wasu har sun zubar da na ƙasa. Layin Auta kuwa ya yi tsawo ya yi kore shar yana rangaji. Abokan karatu suka riƙa cewa hannunta yana da albarka, ita ma har ta fara yarda. Baba Zarto yana kan tsani yana murmushi shi kaɗai.

Sai ga Malama da yatsanta. Ta durƙusa ta cusa, ta ciro da laka. Ta kama kan wani dashe ta lanƙwasa, ya tafi luu bai dawo ba.

"Wa ya ba su ruwa?"

"Malama, wallahi ban ba su ba sai ranar da kika ce."

"To sama ce take zaɓen layinki ta yi ruwa?"

Idon Auta ya ciko. Malama ta sake sunkuyawa ta tsinci wani abu fari-fari a saman ƙasar ledar, ta murza a tsakanin yatsunta. Ta duba leda ta gaba, akwai. Ta gaba ma akwai. Garin katako ne tun daga farkon layi har ƙarshensa. Ta ɗaga kai, ɗalibai suka ɗaga kai, kowa ya zuba wa tsani ido. Baba Zarto kuwa ya duƙufa yana buga wata ƙusa da ta daɗe da shigewa.

Wani ya fashe da dariya, saura suka kama. Auta ce kawai ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Baba, ka kashe mini su." A hankali ta faɗa, amma da ihu ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya sauko daga tsani ya cire hula. "Malama, yarinyar nan ba ta sani ba. Ni ne. Na ga suna shan wuya."

"Na sani, Baba. Ba kai ne na farko ba, sai dai kai ne na farko da ya bar sa hannu." Ta miƙa tafin hannu, ya ɗora mata mabuɗi. Ta ce damina ba za ta jira kowa ba, ranar dasawa tana nan yadda take. Abin da ya rage shi ne a datse kan da ya yi laushi, a bar su a rana iya kwanakin da suka saura, abin da zai rayu ya rayu.

"Ba abin da zan iya yi in taimaka?"

"Akwai," in ji Malama. "Ka sa hannunka a aljihu."

A gida Auta ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Uwarta ta ji labari, ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Da dariyar ta sake ta, sai ta zauna kusa da shi ta ce, "Baban Auta, ai laimar ce ka kai musu."

Kwanakin nan ya sha su da wuya. Ya ga Auta ta bi layinta da almakashi tana datse koren da yake alfahari da shi, ya ga abin da ya rage yana yaushi a rana, shi kuwa hannu a aljihu yana murza garin katako. Malama ta lura mutumin nan zai iya fashewa, sai ta ba shi aiki. Ta ce a fili akwai awaki, kowane dashe yana buƙatar ɗan keji. "Akuya kam ka tsare musu ita, Baba. Rana kuwa ka bar su da ita." Ya kama aikin kamar mai biyan kaffara, ya ƙera wa layin kowa, ba na Auta kaɗai ba.

Da ruwa ya sauka aka loda dashe a mota aka nufi wani tudu mai nisa da gari. Tudun tsirara yake, ruwa ya tsattsaga shi, ba komai sai kututture nan da can. Baba Zarto ya tsaya a kan wani mai faɗin tabarma, ya shafa, ya shinshina. Ya gane shi. Irin waɗanda ake kawo masa ne a zamanin da motoci suke layi. Ya ɗauki kejinsa ya bi bayan yara.

Bayan dasawa sama ta ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, kamar yadda ta saba. Nan aka ga bambanci. Gajerun dashen saura suka daure, na Auta suka fara faɗuwa, dogayen ne ma suka riga tafiya. Kullum ta je duba su sai ta dawo da fuska a ɗaure, shi kuma ya bi ta da ido. Ko bokitin gida ya daina taɓawa, don kada a ce. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka yi saura suka fitar da sabon ganye, ƙanana masu tauri.

Ranar da mutanen gidauniya suka zagaya tudun da Malama, Baba Zarto ya wuni yana gyaran kujera ɗaya. Can da yamma ya jiyo ƙwab-ƙwab daga kan kwana, da sauri. Auta ta faɗo rumfar tana haki.

"Baba, an ɗauke ni! Ni ce ta ƙarshe, da ƙyar da jiɓin goshi, amma an ɗauke ni!"

Ya tashi, ya zauna a kan kujerar da bai gama ba, ta watse da shi. Suka yi ta dariya, shi a ƙasa ita a tsaye, har uwar ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Sai daga baya ta ƙarasa labarin. Ba a garin za ta yi aikin ba. Bakin wani kogi aka tura ta, inda ruwa yake cin gonaki, tafiyar wuni guda. Nan take Baba Zarto ya fara tsari: zai raka ta, ya duba ɗakin, ya kafa mata kanta, ya gyara sakata, ya ɗan kwana biyu har ta saba. Matarsa ta zuba masa ido. Auta ma haka. Ya tsaya a tsakiyar magana, ya dube su, ya mayar da hannunsa aljihu.

"To," in ji shi. Wannan karon ta wuce maƙogwaro, sai dai da zafi ta wuce.

Ran tafiya ya ba ta ƙotar fartanya da ya sassaƙa daidai hannunta, ya goge ta sumul. Ita kuma ta ba shi leda ɗaya, wani ɗan maɗaci da ya yi rauni har ba a kai shi tudu ba.

"Ga naka, Baba. Amma yatsa tukuna, sannan ruwa."

Mota ta tashi. Laimar tana hammatarsa, ya zo da ita har tasha, ya koma da ita gida.

Ya ajiye maɗacin a tsakar gida, inda rana take sauka. Kwana biyu ya wuce ba labarin Auta ban da saƙon cewa ta isa. A rana ta uku ya cika buta ya zo ya tsaya a kan ledar, ga waya a aljihun gaba tana yi masa nauyi. Ya durƙusa ya cusa yatsa, ya ciro da ƙasa a manne. Ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya ajiye butar a gefe ya zauna a kan benci.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ta kira?"

"A'a."

"Kai fa, ka kira?"

"Ban kira ba," in ji Baba Zarto. "Da sauran danshi."